Shafin da Malam Shiru Bai Kai Ba

Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Abban yara da yaran gaba ɗaya. Ya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura in kin wuni a tsaye a wajen aiki? Ya jikin Mama? Na san me za ki ce: ga Auta nan ta sake ɓata takarda alhali waya na hannunta. Ki daure ki karanta. In a waya ne, da dariya za ki katse ni tun ban kai rabi ba.

Kin tuna Talatar nan ta bara da na ce miki maigidan ya shigo da wani abu a buhu? Daga ranar nake ƙirga komai. Ina kwance a doguwar kujera ina karanta labari a waya, don na takardan duk na cinye su, idona sai ruwa yake. Ya shigo da rana tsaka, abin da bai saba ba, hannunsa duk giris. Ya zaro wata tsohuwar kwamfuta irin ta ɗauka a hannu, murfinta ɗaure da salatif. Wani ofis ne suka zubar da kaya, ya tsinto ta, ya yi sati uku a shagonsa yana cire wa wasu matattu biyu kayan ciki yana sa mata. Mutumin da fanka da firji kawai ya sani. Duk jawabin da ya yi mini shi ne in riƙa karatu a nan, rubutun ya fi girma. Ya sha ruwa ya koma. Ranar da kika sa masa suna Malam Shiru, bakinki bai yi kuskure ba.

A cikinta na ga wani abu an rubuta Babi na Ɗaya. Na buɗe da murna na ɗauka labari ne, ashe darussa ne da mai ita na da ya bari, na koyon ba kwamfuta umarni. Na ce bari in leƙa ƙarshe, kin san halina, ba na fara littafi sai na ga shafin ƙarshe. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Haushin haka ya sa na dawo farko. Na kwafi layi ɗaya kamar yadda aka ce, na danna, sai ga ta ta amsa mini. Yaya, tsikar jikina ta tashi. A babi na huɗu aka zo wurin da ake ce mata: idan kaza ya faru yi kaza, in ba haka ba yi kaza. A nan na miƙe tsaye.

Kin san littafin nan nawa mai koren bango, wanda na taɓa jifa da shi har ya faɗa bayan kabad? Wanda yarinyar ta samu gurbin karatu, ta kai har tasha, ta yage tikitinta ta koma gida? Shekara biyu ina jin haushinta. Ranar na zauna na rubuta ƙarshen labarin a kwamfutar: in kana so ta yage tikitin danna ɗaya, in kana so ta hau motar danna biyu. Na danna biyu, ta hau. Shinkafata ta ƙone ƙurmus, har matar ɗakin da ke kallon namu ta zo tana buga ƙofa. Kafin sati ya zagayo matan gidan hayar nan kaf sun san hanyar ɗakina. Su zauna a ƙasa suna gardama, wannan ta ce a danna ɗaya, waccan ta ce wallahi sai biyu.

Wata shida ina haka, ya dawo wata rana da takarda a aljihu ya ajiye kusa da kofina. Ta rajistar jarrabawar shiga kwaleji ce. Ya ce ya ji akwai makarantar wannan abin. Ban gaya miki ba don kada in faɗi ki yi ta jajanta mini. To jiya sakamako ya fito, na ci, kuma ba ci na ƙyar ba. Kimiyyar kwamfuta, Yaya. Ni, Autar Mama, wadda kuke cewa littafin soyayya ya cinye mata kai.

Yanzu saura zaɓen makaranta. Fom ɗin a intanet yake, yana da layi uku, amma kowa ya ce na farko ne magana, don makarantu ba sa waiwayar wanda ya sa su a na biyu sai in gurbi ya yi saura. Za a rufe ranar Juma'ar sati uku, da sha biyun rana. Kana iya cikewa ka adana ka yi ta canzawa, amma in ka danna turawa shi ke nan. Na manna takardun makarantu bakwai a bango saman teburin cin abinci. Akwai wata mai hasumiyar agogo da ciyawa kore shar, ga wata yarinya a hoton ta jingina da bishiya tana karatu, mayafinta na tashi. Na riga na ga kaina a gindin bishiyar nan. Na ma zaɓi mayafin.

Da na nuna masa sakamakon, kin san me ya ce? Madalla. Sai ya durƙusa ya ɗaure ƙafar teburin da ke rawa. A littafi da ɗaga ni za a yi sama a yi ta juyi da ni. Ba na ƙorafi, amma wani lokacin ina sha'awar in ji magana mai tsawo ta fito daga bakinsa, ko sau ɗaya.

Ki gaya wa Mama a hankali, ki fara da cewa na ci. Ki gaida kowa da kowa, ki ja wa ƙaramar kumatu a madadina.

Ƙanwarki,
Auta

Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Taki ta iso, direban da kika ba ya kawo ta har shago. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Ki ce wa Mama na ji saƙonta, ba zan bar mijina da yunwa ba, ya ma fi ni iya dafa taliya.

Bakwai sun koma uku, ukun kuma mun taka su da ƙafa. Shi ya ce a je a gani, wai ba a sayen firji a hoto. Ni kuma na ɗauki dabarata ta littafi: duk inda muka je, 'yan shekarar ƙarshe nake nema in ga abin da suka iya. In ƙarshen ya yi kyau, sai in fara.

Mai hasumiya muka fara zuwa. Bishiyar tana nan, har na jingina da ita ya ɗauke ni hoto. Agogon dai ya tsaya a huɗu da kwata. Ɗakin kwamfutarsu a kulle, mai mabuɗin ya yi tafiya. Na leƙa ta taga na ga an lulluɓe su da zannuwa kamar marasa lafiya. Na samu wata 'yar shekarar ƙarshe a bakin famfo, na ce ta nuna mini abin da ta haɗa. Ta buɗe jaka ta ɗauko littafin rubutu. A takarda suke rubuta umarnin, malami ya duba da jan biro. Shekara uku da rabi, sau biyar ta taɓa kwamfutar makarantar. Na fito ban ko waiwayi bishiyar ba.

Ta biyu ita ce ta kusa da mu, mota ɗaya, minti ashirin. Zan iya ɗora girki in je in dawo. Malamin da muka samu mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ne a sashen, gajiya har a muryarsa. Bara suka buɗe, don haka babu 'yan shekarar ƙarshe ko ɗaya. Littafi ne da ba a rubuta ƙarshensa ba tukuna. Ya faɗa mini gaskiya, ya ce a yanzu buga takardu da gyaran ƙananan matsaloli suka fi ƙarfi a kai, sauran sai Allah ya kawo malamai.

Ta uku, ta kan tudu, awa shida ce a mota. Asabar muka tafi, ranar da suke buɗe wa baƙi ƙofa. Yaya, ban taɓa ganin gini mara fasali kamar wannan ba. Siminti ne tsirara ko fenti babu, tagogi ƙanana, ba bishiya ba ciyawa. Na ce a raina mun yi asarar tafiya. Sai muka sauka wasu matakala zuwa ɗakin kwamfutarsu. Sanyi, ƙarar madannai kamar yayyafi a kan kwano, mutum ya fi arba'in kowa da tasa a gabansa. 'Yan shekarar ƙarshe sun jeru suna nuna aikinsu. Wata ta haɗa manhajar da za ka nuna mata kwalbar magani ta karanta maka yadda ake sha da murya, saboda kakarta da ba ta gani sosai. Na tuna Mama da tabaranta da kullum yake ɓata. Ita ma yarinyar matar aure ce, da cikinta ya fito. Na tsaya a gabanta har ta fara jin kunya.

Shugabar sashen wata dattijuwa ce mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ciro kwamfutata mai salatif na nuna mata labarina. Ta karanta tsaf, ba ta yi dariya ba. Da aka zo wurin danna ɗaya ko biyu, sai ta miƙa yatsa ta danna uku. Komai ya tsaya cak, jajayen rubutu suka cika allon. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Mutane kullum sai sun danna uku, 'yata. Abin da muke koyarwa a nan ke nan." Ta tambayi makin da na ci, na faɗa, ta ce in na sa su a layin farko tana sa ran ganina, amma su ba sa duba layi na biyu. Ɗalibansu duk a makaranta suke kwana, don aikin ya fi ƙarfin mai zuwa yana komawa.

Tun daga matakalar nan ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Na ga kaina a kujera ta uku daga taga, na ga kaina ina nuna nawa aikin, har sunan da zan sa wa manhajar na raɗa.

Shi kuwa, duk tsawon lokacin nan kansa na sama yana kallon fankar ɗakin. Daga baya ya ɓace mini kusan rabin awa, na same shi a bakin ƙofar makarantar yana magana da masu mota. A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na tambaye shi ko zai damu in na tafi shekara huɗu. Muka wuce gidan mai biyu yana kallon hanya. Sannan ya ce boris ɗin fankar nan ta tsakiya, wato ƙarfen da take juyawa a kai, ya kusa mutuwa, in ba a canza ba za ta ƙone. Na juya fuskata ga taga har muka iso.

Ki gaya mini, Yaya, ke da kika fi ni shekara goma a aure. Mutumin da zai bar matarsa ta tafi awa shida bai ce uffan ba, so ne ya yi masa yawa ko rashinsa? Na cike fom ɗin, ta kan tudu a sama, na adana. Yatsana ya ƙi danna turawa. Saura kwana goma sha ɗaya.

A gaida Abban yara, a ce na gode da addu'a.

Taki,
Auta

Juma'a

Yayata,

Assalamu alaikum, ya kuke, ya yara, ya Mama, duk ina gaisuwa. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri, sauri nake.

Ya yi magana. Malam Shiru ya yi magana.

Jiya da yamma ina tsince wake ya dawo. Ya yi wanka, ya sa rigar nan mai ruwan toka da yake zuwa gaisuwa da ita. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ya zo tsakiyar ɗaki ya tsaya, hannuwa a gefe kamar ɗan makaranta, idonsa a kan kalandar bango. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Idan kika tafi, hasken gidan nan zai bi ki. Ba zan iya rayuwa ba ko ta kwana ɗaya, domin numfashina a tafin hannunki yake."

Tiren waken ya suɓuce mini. Shi ya durƙusa yana tsincewa, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Shekara biyu da wata biyar nake jiran wannan rana. Ashe duk abin nan yana ciki yana tafasa, ni ina ganin murfi kawai. Ban yi barcin rana ba yau, ban ci abin kirki ba, ina ta maimaita maganar ina rufe fuska da matashi. Matar ɗakin can ta tambaye ni ko kyauta aka yi mini, na ce wadda ta fi kyauta.

Da safe bayan ya fita na buɗe fom ɗin. Na sauko da ta kan tudu, na hau da ta kusa layin farko. Ina za ni in bar mutumin da numfashinsa ke hannuna? Malamin nan mai kirki ne, kuma wa ya sani, wataƙila kafin in kai shekara ta uku an kawo musu malamai. Sauran zan koya da kaina a nan kan teburin, kamar yadda na fara. Ban gaya masa ba, so nake ranar Juma'a mai zuwa in danna a gabansa ya ga abin da na bari saboda shi.

Da nake cire takardar ta kan tudu daga bango na ɗan yi kuka. Ina jin na farin ciki ne. Ban yar da ita ba, na sa ta ƙarƙashin katifa.

Ki taya ni murna, kada ki yi mini wannan kallon naki ko daga nesa.

Ƙanwarki mai sa'a,
Auta

Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kowa lafiya, ƙafa ta warware, Mama ta samu tabaranta. Kafin komai ki yafe mini, don na yi kwana biyu ina fushi da ke. Wasiƙarki layi huɗu ce, kuma a ciki kika ce wannan ba bakin Malam Shiru ba ne, in bincika inda ya aro shi. Na ce hassada ce, don Abban yara bai taɓa ce miki numfashinsa na hannunki ba.

Jiya da hantsi ina goge kantar littattafaina. Kin san da launi nake jera su. Sai na ga mai koren bango a tsakiyar jajaye. Na zaro shi, na ga an lanƙwashe kunnen wani shafi. Ni ba na lanƙwasa shafi, ƙyalle nake sakawa, kuma duk matan gidan nan sun san wadda ta lanƙwasa mini littafi ta gama ara. Na buɗe. Shafi na tamanin da huɗu. A gefen rubutun ga shatin babban yatsa, baƙi ƙirin da giris, ya fito raɗau da zanensa. Kusa da yatsan kuma ga hasken gida, ga kwana ɗaya, ga numfashi a tafin hannu. Ko wasali bai canza ba.

Gaskiyar da ban gaya miki ba, tun ranar wani lungu na zuciyata ya ce ya san maganar nan daga wani wuri. Ni na toshe masa baki.

Na ja mayafi na nufi shagon da littafin a hannu, ban san ko kuka zan yi ko faɗa ba. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi yana hango koren bangon ya ajiye abin aikinsa ya riƙe ciki don dariya. Ya ce amarya, ki zo ki karɓe mana wannan masifar, kwana uku mutumin nan bai gyara ko fanka ɗaya ba, yana zaune yana karatu leɓensa na motsi, in ya ji tafiya sai ya jefa littafin cikin mataccen firjin mutane ya rufe. Ya ce har gwaji ya kama shi yana yi wa injin wanki.

Na shiga. Rabona da cikin shagon nan ya fi wata uku. Yana bayan wani firji, ƙafafunsa kawai nake gani. Kafin ya fito idona ya faɗa kan bencinsa. Akwatin ƙarfe ne sabon fenti da kwaɗo, a buɗe, an shimfiɗa soso a ciki an yanke shi daidai girman kwamfutata, har da ramin caja. Kusa da shi ƙaramar fankar tebur, an sake mata naɗin waya, an ɗaura mata takarda da sunana. A bango kuma, inda yake rubuta lambobin masu kaya da alli, ga jerin lokutan motocin kan tudu, na tafiya da na dawowa, an zagaye ta ƙarfe shida na safiyar Asabar. Abin da ya tsaya yi da masu mota ke nan ranar da na neme shi na rasa.

Ya fito da sukudireba a baki. Ya ga littafin, ya ga fuskata, ya cire sukudireban a hankali. Ban taɓa jin ya yi bayani mai tsawon wannan ba, kuma kansa a ƙasa ya yi shi. Ya ce a mota na yi masa tambaya bai da amsarta, ya ga na juya masa ƙeya awa shida, ya san ya yi ɓarna. Shi ba a koya masa irin wannan maganar ba. In abu ya gagare shi a aiki takardar da ta zo da injin yake dubawa, don haka ya duba tawa. Ya zaɓi koren ne don ya ga ya fi kowanne tsufa da yagewa, ya ce lallai shi na fi so. Yaya, littafin da na yi ta jifa da shi don haushi. Ya yi ta bi har ya kai inda yarinyar za ta tafi karatu, ya ga abin da saurayin ya ce, ya haddace. A tunaninsa haka ake sallama a wajenmu masu karatu: namiji ya faɗi wannan, mace ta ji daɗi, sannan ya ɗauki akwati ya raka ta tasha.

Na tambaye shi ko ya san abin da yarinyar ta yi bayan an gaya mata haka. Ya ce bai kai nan ba, an kawo masa firjin mai sayar da kifi, kuma ai ya riga ya samu abin da yake nema. Na buɗe masa shafin ƙarshe na ce ya karanta. Ya bi da yatsa, layi layi, har inda ta yage tikitin. Ya ɗago ya ce, "Kin tura?" Na ce ban tura ba, amma ta kusa ce a sama tun ranar Juma'a. Ya nemi bokitin fenti ya zauna a kai. Mutumin da na taɓa gani wuta ta ja shi ya yarfe hannu kawai ya ci gaba da aiki.

Na ce to yanzu ba littafi, ba injin wanki, ya gaya mini da bakinsa: in na tafi zai iya rayuwa ko ba zai iya ba? Ya daɗe yana juya sukudireban. Ya ce, "Zan iya mana. Ba za ta yi daɗi ba ne kawai." Ya nuna bangon da haɓa, ya ce duk Asabar ta biyu, motar ƙarfe shida, zai iso kafin azahar. Ya ƙara da cewa zai tafi da boris, don fankar nan ba za ta kai ƙarshen zango ba, kuma a ƙarƙashinta na ce zan zauna.

A nan na yi kukan, a tsaye, tsakanin matattun firji biyu, mai walda yana leƙe yana cewa a yi haƙuri amarya, shi ma ya gaya masa ya bar karatun nan. Kuka nake ina dariya. Na karanta littafi ya fi ɗari biyu, babu wanda aka ce wa mace rayuwa ba za ta yi daɗi ba ne kawai, kuma babu maganar da ta taɓa shiga jikina kamar wannan. Ni na ajiye masa ɗaya da biyu, ko ya riƙe ni don yana so na, ko ya sake ni don bai damu ba. Dattijuwar nan ta gaya mini mutane sai sun danna uku, ban ji ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, shekara biyu ina zagin yarinyar koren littafi, na koyi kwamfuta takanas don in sa yarinyar ta hau mota, sai ga ni a tasha da tikiti a hannu ina shirin yagewa. Tsoro ma yana ciki, ba zan ɓoye miki ba. Ɗakin nan mai sanyi, mutum arba'in da duk suka fi ni sani, gadon da ba nawa ba. Da ya faɗi maganar aron nan, wani ɓangare na ya samu inda zai fake. Har yanzu tsoron yana nan, sai dai in na tuna matakalar nan sai in ji ina ɗokin sake sauka a kansu.

Mun dawo gida tare, shi ɗauke da akwatin a kafaɗa. Na gwada kwamfutar a ciki, ta zauna daram. Na ciro takardar ta kan tudu daga ƙarƙashin katifa na mayar da ita bango. Shafi na tamanin da huɗu kuwa na bar shi a lanƙwashe, shi kaɗai a duk kantar.

Ki gaya wa Mama duk Asabar ta biyu zai gan ni, kuma taliya ba ta kashe kowa. Ki gaida Abban yara, ki ce na janye maganar hassada. Ki sumbaci yaran, ki fara nemo mini bargo mai kauri, an ce can akwai sanyi.

Yau da safe, yana tsaye a bayana da kofin shayi, na sa ta kan tudu a layin farko, na danna turawa.

Ƙanwarki,
Auta